Tarihin Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa

A unguwar Nasarawa ta birnin Kano akwai wani tsohon ginin ƙasa da kowa ya sani da sunan Gidan Ɗan Hausa, wanda a yau yake ƙarƙashin kulawar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Baƙo zai iya zaton gidan wani basarake ne ko attajirin Bakano, alhali kuwa mai wannan suna Bature ne haifaffen ƙasar Suwizalan.

Sunansa na yanka Hanns Vischer. Ya shigo ƙasar Hausa a matsayin ɗan mishan, daga baya ya zama jami'in mulkin mallaka na Birtaniya, ya ratsa hamadar Sahara da ayarin raƙuma, sannan ya kafa makarantar da ta zama tushen ilmin boko na gwamnati a Arewacin Najeriya. Yana kuma cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har gwamnati ta zaɓi rubuta Hausa da boko maimakon ajami.

Laƙabin Turawa

Hausawa ba su cika barin Baturen mulki da sunansa ba. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, Mai Jimina ake ce masa. Dokta Cargill, wanda ya rarraba ƙasar Kano gunduma-gunduma, ya zama Mai Gunduma. Can daga baya aka yi Gwamna Sharwood-Smith, wato Mai Wandon Ƙarfe. Akasarin waɗannan sunaye sun samo asali ne daga wata kama, ko wani hali, ko wani aiki da mutum ya yi. Na Vischer ya fita daban, domin shi suna ne da yake shigar da baƙo cikin dangi. Ya same shi ne saboda yadda ya naƙalci harshen Hausa, ya kuma san ladubban zama da mutane.

Irin wannan ya faru a wasu sassan duniya. A ƙarni na 18 'yan ƙabilar Mohawk na arewacin nahiyar Amurka sun raɗa wa wani ɗan ƙasar Ailan mai suna William Johnson sunan Warraghiyagey, wato mai gudanar da manyan al'amura, saboda ya iya harshensu yana kuma sa tufafinsu. Shi ne wakilin Ingila da ya ja su cikin yaƙe-yaƙenta da Faransa, ya kuma mallaki filaye masu ɗimbin yawa a ƙasarsu. Sanin harshen mutane yakan jawo ƙaunarsu, yakan kuma zama makamin da ake mulkinsu da shi. Rayuwar Ɗan Hausa ta ƙunshi duka biyun.

Haihuwa da karatu

An haifi Hanns Vischer ranar 14 ga watan Satumba na shekarar 1876 a birnin Basel, a gidan wasu attajirai da suka yi suna a cinikin siliki. Ya tashi da Jamusanci da Faransanci, ya yi wani ɓangare na karatunsa a ƙasar Jamus, sannan ya tafi Ingila ya shiga kwalejin Emmanuel ta jami'ar Cambridge, inda ya karanta harsunan Turai. Daga nan ya wuce Ridley Hall, makarantar horas da limaman cocin Angilika, da niyyar zama mai yaɗa addinin Kirista.

A wancan lokaci ƙungiyar mishan ta CMS ta ƙwallafa rai a kan ƙasar Hausa. Wasu daga cikin mutanenta, kamar Dokta Walter Miller, sun je birnin Tarabulus sun koyi Hausa a wurin fatake da alhazai. A shekarar 1900 Bishop Tugwell ya jagorance su har zuwa Kano, amma Sarkin Kano Alu ya ƙi ba su masauki na dindindin, ya umarce su da su fice daga birnin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku ta ƙasar Zazzau, daga bisani suka gangara Loko a bakin kogin Binuwai.

A Loko ne Vischer ya same su a shekarar 1901. Cikin abokan aikinsa har da G. P. Bargery, wanda daga baya ya wallafa babban ƙamus ɗin Hausa a shekarar 1934. Vischer bai daɗe a aikin mishan ba, domin a shekarar 1902 ya bar shi.

Daga mishan zuwa mulki

Shekarar 1903 ita ce shekarar da sojojin Gwamna Lugga suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, suka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. A cikin wannan shekara ce Vischer ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, ya shiga aikin gwamnatin Arewa a matsayin mataimakin Razdan, aka tura shi Barno.

Ya tarar da ƙasa wadda ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin Rabe ba. Rabe ya rushe Kukawa a shekarar 1893, Faransawa suka kashe shi a shekarar 1900, sannan Ingila da Faransa da Jamus suka raba tsohuwar daular a tsakaninsu. Turawan Ingila 'yan ƙalilan ne a faɗin lardin, saboda haka duk wanda ya iya magana da jama'a ba tare da tafinta ba, darajarsa babba ce. Vischer ya ƙara Barbarci da Larabci a kan Hausar da ya zo da ita.

Ratsa Sahara

A shekarar 1906, bayan ya gama hutu a Turai, Vischer ya nemi izinin komawa bakin aikinsa ta hamada maimakon ta teku. Ya tashi daga Tarabulus, wadda a lokacin take hannun Turkawa, a watan Yuli, ya bi ta Mizda da Murzuk da Bilma har zuwa tafkin Chadi, tafiyar da ta haura kilomita 2,000 ta kuma ci kimanin wata biyar.

Ba shi ne Baturen farko da ya bi wannan hanya ba. Denham da Clapperton da Oudney sun bi ta a shekarun 1822 da 1823. Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya kuma ratsa ta Gumel a shekarar 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ta nan ya koma gida a shekarar 1855. Abin da ya bambanta tafiyar Vischer shi ne mutanen da ke cikin ayarinsa. Akasarinsu alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar dawowa daga Makka, da kuma 'yantattun bayi da suke son komawa ƙasashen da aka kamo su. Hanyar da suka bi ta komawa gida ita ce wadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana kora bayi ta cikinta zuwa arewa, kuma a littafin da ya wallafa a shekarar 1910, Across the Sahara from Tripoli to Bornu, Vischer ya ba da labarin ƙasusuwan mutane da suka riƙa gani a kusa da rijiyoyi.

Tafiyar ta zo ne a ƙarshen zamanin wannan hanya. A cikin wannan shekara Faransawa suka kafa sansani a Bilma. Tsakanin 1906 da 1908 kuma jami'an Ingila da na Faransa suka shata iyakar da ta bi ta arewa da Maigatari, ta raba ƙasar Gumel da Damagaram, ta yanke hanyoyin fatauci da aka gada kaka da kakanni. A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano, Italiya kuma ta mamaye Tarabulus. Daga nan kayan ƙasar Hausa suka juya baya ga hamada suka fuskanci Ikko. Bayan kusan shekaru ɗari, tsakanin 2001 da 2002, wani tsohon Di'o mai suna John Hare ya bi sawun Vischer da raƙuma, amma shi daga Kukawa ya tashi ya nufi arewa.

Makarantar Nasarawa

Babbar matsalar da ta dami gwamnatin mulkin mallaka a lokacin ita ce rashin ma'aikata. Akawuna da tafintoci daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas ake ɗauko su, su kuwa sarakuna da malamai da Larabci da ajami suke rubutu, wanda Turawa kaɗan ne ke iya karantawa. Gwamna Lugga ya riga ya yi alkawari a Sakkwato a shekarar 1903 cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addini ba, don haka ba a iya miƙa wa 'yan mishan ilmin 'ya'yan Musulmi kamar yadda aka yi a Kudu. An gwada ƙananan makarantu. Razdan Burdon ya buɗe ɗaya a Sakkwato, Dokta Miller ya buɗe wata a Zariya a shekarar 1907, wadda ta watse saboda iyaye sun yi zargin ana neman sauya wa 'ya'yansu addini.

A shekarar 1908 Gwamna Girouard ya ɗora wa Vischer alhakin tsara ilmi a Arewa baki ɗaya. Ya ziyarci Masar da Sudan da Gwalkwas domin ganin yadda ake yi a can, ya dawo ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, a shekarar 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas. Baitulmalin masarautu ne ya ɗauki wani kaso mai yawa na kuɗin gudanar da ita.

Da malamai ya fara, wato mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, aka koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, domin su zama masu koyarwa. Sannan aka buɗe sashen 'ya'yan sarakuna, da na elementare, da na sana'o'i irin su kafinta da ƙira da dukanci. Da Hausa ake koyarwa. Ɗalibai suna sa rigunansu na gida, suna sallah a kan lokaci, malamai na koya musu Larabci da addini, ginin makarantar ma na ƙasa ne irin na gari. Ya zuwa shekarar 1913 ɗalibai sun haura 200, daga kusan dukan lardunan Arewa. Cikin waɗanda suka yi karatu a nan akwai Malam Bello Kagara, yayan Alhaji Abubakar Imam, wanda daga baya ya koyar a Kwalejin Katsina.

Vischer ya zauna a gidan da yanzu ake kira da sunansa, ya gyara shi ya faɗaɗa shi bisa tsarin ginin Hausawa. Matarsa Isabelle, wadda ya aura a shekarar 1911, ta zauna tare da shi a nan, ta kuma wallafa littafi da Faransanci a kan zamansu a Kano.

Manufar tsarin nasa ita ce a ba yaro ilmin zamani ba tare da an raba shi da iyayensa da addininsa da sarkinsa ba. Wannan ya kwantar da hankalin sarakuna da dama. Amma akwai wata manufa a ƙarƙashinta, wadda jami'an mulkin mallaka ba su ɓoye ba a rubuce-rubucensu. Ba sa son a samu irin 'yan bokon Ikko, masu jin Turanci, masu kafa jaridu suna ƙalubalantar Gwamna. Shi ya sa ba a ba Turanci muhimmanci ba a farko, aka kuma fi mai da hankali a kan 'ya'yan masu sarauta da waɗanda za su yi wa En'e aiki. Ɗan talaka sai ƙalilan, 'ya mace kuwa ba ta cikin lissafi.

Boko da ajami

Lokacin da Turawa suka zo, ƙasar ba ta rasa ilmi ba. Ƙididdigar da su kansu suka yi ta nuna akwai makarantun allo sama da 20,000, masu ɗalibai fiye da 200,000. An daɗe ana rubuta Hausa da ajami, musamman tun zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, lokacin da Nana Asma'u da sauran malamai suka yi amfani da waƙa wajen karantar da jama'a. Tambayar da ke gaban gwamnati ita ce, da wane rubutu za a gudanar da mulki da makarantu?

Jami'an sun rabu biyu. Wasu, kamar Burdon, suna ganin a bar mutane da rubutun da suka sani, Baturen da zai yi mulki shi ya koya. Vischer yana ɗaya ɓangaren. Kamar yadda masanin tarihi John Edward Philips ya nuna daga takardun gwamnati na lokacin, hujjojinsa sun haɗa da cewa buga ajami da wasulla a injin yana da tsada, boko ya fi saurin koyo, sannan idan gwamnati ta ɗauki ajami, to za ta zama tana taimaka wa yaɗuwar Musulunci a tsakanin ƙabilun da ba Musulmi ba. Ra'ayinsa ne ya yi rinjaye. A shekarar 1912 ya fito da ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa, wanda aka riƙa bi a makarantu da ofisoshi.

Wannan hukunci ya sauya matsayin dubban mutane. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, ya karanci fiƙihu da nahawu, yana rubuta wasiƙa da Larabci da ajami, sai ga shi a takardun gwamnati ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba. Sunan da jama'a suka ba sabon ilmin ya nuna yadda suka ɗauke shi. An daɗe ana cewa kalmar boko daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta, amma masanin harshe Paul Newman ya nuna a shekarar 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko.

A ɗaya hannun kuma, bokon ne ya ba Hausa damar shiga injin buga littattafai da yawa. A kan harsashin da Vischer ya aza aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Rupert East, aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta shekarar 1933, aka shigo da haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ a cikin shekarun 1930, aka kuma fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a shekarar 1939.

Rayuwarsa a Landan

Bayan haɗe Kudu da Arewa a shekarar 1914, an rarraba aikin makarantar Nasarawa zuwa makarantun larduna, waɗanda tsoffin ɗalibanta suka koyar a cikinsu. Shi kuwa Vischer, yaƙin duniya na ɗaya ya ɗauke shi. Ya shiga sojan Birtaniya a shekarar 1915, ya yi aiki a sashen leƙen asiri a Turai, inda harsunan da ya iya suka yi masa rana, har ya kai muƙamin manjo. A shekarar 1919 ya ajiye muƙaminsa na Daraktan Ilmi na Arewa. Ba ya nan aka buɗe Kwalejin Katsina a shekarar 1922, wadda ta yaye Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sir Ahmadu Bello.

A shekarar 1923 aka naɗa shi sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara a kan ilmi a Afirka, ya riƙe wannan aiki har zuwa 1939. Ya raka tawagar Phelps-Stokes da ta binciki makarantun gabashin Afirka a shekarar 1924. Takardar manufofin da kwamitin ya fitar a shekarar 1925, wadda ta ce a daidaita ilmi da yanayin rayuwa da al'adun kowace al'umma, a kuma fara karatu da harshen uwa, ta yi kama ƙwarai da abin da ya gwada a Kano. Ta haka darasin Nasarawa ya isa ƙasashen da ba su taɓa jin sunanta ba.

A shekarar 1926 yana cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka ta Duniya a Landan. Lugga ne shugabanta, shi kuma babban sakatare. Wannan cibiya ce ta tsara haruffan bai-ɗaya na rubuta harsunan Afirka, a ƙarƙashin jagorancin masanin harshe ɗan Jamus Diedrich Westermann.

Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir a shekarar 1941. Ya rasu ranar 19 ga watan Fabrairu na shekarar 1945 a garin Newport Pagnell na ƙasar Ingila, yana da shekaru 68. Bai cika wata biyu da rasuwa ba Lugga ya bi shi.

Abin da ya bari

Har yanzu masana tarihi ba su daina muhawara a kan aikin Ɗan Hausa ba. Masu yabonsa suna cewa ya girmama harshe da addinin mutanen da ya zauna da su a zamanin da Turawa da yawa ke yi musu kallon raini, kuma da an tilasta wa Arewa makarantun mishan, da ƙin boko ya fi haka tsanani. Suna kuma nuni da cewa koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko shi ne abin da masana ilmi suke ba da shawara a kai har gobe.

Masu sukarsa kuwa alƙaluma suke kawowa. A shekarar 1912 ɗaliban firamare a Kudancin Najeriya sun haura 35,000, a Arewa kuwa ba su kai 1,000 ba. A ganinsu tsarin tafiyar hawainiya da aka ɗora Arewa a kai, da taƙaita ilmi ga 'ya'yan masu mulki, da barin makarantun allo a gefe ba tallafi ba kuma hanyar shiga aikin gwamnati, su ne mafarin ratar da ta dami siyasar Najeriya tun kafin samun 'yancin kai. Ba shi kaɗai ya yanke waɗannan shawarwari ba, domin ƙarancin kuɗi da tsoron Turawa da ɗari-ɗarin sarakuna da iyaye duk sun taka rawa, amma shi ne ya tsara su ya kuma aiwatar.

Batun rubutun ma bai mutu ba. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya cire ajami daga ƙananan takardun naira a shekarar 2007 ya maye gurbinsa da Hausar boko, an yi ta ce-ce-ku-ce a Arewa, domin akwai 'yan kasuwa da manoma da yawa waɗanda ajamin kaɗai suke iya karantawa. Yaron da ke zuwa makarantar allo da asuba a Gagarawa ko Sule Tankarkar, ya wuce firamare da hantsi, yana rayuwa ne a tsakanin tsare-tsare biyu da aka raba tun zamanin makarantar Nasarawa, waɗanda gwamnatoci suke ta ƙoƙarin haɗewa har yanzu.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Mutanen da suka kira Hanns Vischer Ɗan Hausa sun shaida cewa ya iya harshensu, ya kuma zauna da su da mutunci. Shi kuma da wannan sani ne ya yi wa gwamnatin da ta ci ƙasarsu da yaƙi aiki, ya zaɓa musu irin ilmin da za a ba 'ya'yansu da haruffan da za su riƙa rubuta harshen nasu da su.